Kotun Alƙali a Ƙasar Gumel: Iyali, Dukiya da Laifi a Zaure Ɗaya

Ranar Alhamis ce kasuwar Maigatari take ci. Shanu da raƙuma da tumaki suna gangarowa daga Nijar, dillalai suna ƙulla cinikin miliyoyin naira da baki da musafaha, sau da yawa ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Galibin cinikin yakan ƙare lafiya. Wanda ya lalace kuwa, idan dattawan kasuwa suka yi iya yinsu abin ya faskara, sai a dangana da alƙali. A can mai bin kuɗin bijiminsa zai tarar da waɗanda suka riga shi zuwa: matar da mijinta ya tafi ci-rani ya bar ta babu ci babu sha, 'yan'uwan da suka kasa raba gonar mahaifinsu, manomin da dabbobi suka shiga wa gero, da saurayin da ɗan sanda ya gurfanar bisa zargin satar akuya. Alƙali ɗaya ne zai saurare su duka, magatakarda ɗaya ne zai rubuta maganarsu.

Ga wanda ya leƙo daga waje, duk shari'a ce. A idon doka kuwa ƙararrakin kashi uku ne: na iyali, na dukiya da mu'amala, da na laifi. Kowane kashi yana da tarihinsa, da littafin da ake duba masa, da kotun da ake ɗaukaka shi zuwa gare ta. Tun daga 1903 da Turawa suka karɓi Gumel, kusan duk taƙaddamar siyasa da aka yi game da kotun alƙali a kan kashi na uku aka yi ta. An rage wa alƙali iko a kan laifi, an sauya masa littafi, an raba shi da Sarki, daga baya aka mayar masa da wani abu daga cikin abin da aka karɓe. Shari'un aure da gado da bashi kuwa, waɗanda su ne suka fi cika rajistar kotu, sun ci gaba da tafiya bisa ƙa'idojin da aka san su da su tun kafin a ga Bature a ƙasar.

Alƙalanci a gefen Barno

Gumel ba ta cikin masarautun da suka karɓi tutar Shehu Usmanu. Mangawa ne suka kafa ta wajen 1750 ƙarƙashin Ɗan Juma, ta zama mai biyayya ga Barno, kuma jihadin farkon ƙarni na 19 bai ci ta ba. Cibiyar sarautar ta zauna a Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, kafin ta tabbata a garin Gumel a tsakiyar ƙarnin. Sa'ad da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa garin a 1851, ya same shi a matsayin ƙofar Barno ta yamma, kuma babbar kasuwar kanwa.

Ana yawan ɗauka cewa alƙalanci a Arewa daga Sakkwato ya faro, alhali Barno ta daɗe da nata. Tun ƙarni na 16 aka rubuta cewa Mai Idris Alooma ya ƙarfafa alƙalai, ya janye shari'un mutane daga hannun masu sarauta ya miƙa musu. Mazhabar kuwa ɗaya ce gabas da yamma, ta Imamu Malik, littattafan ma su ne dai: Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, da Muhtasar na Halil na Masar, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa a Andalus wanda ya rasu a 1426, wadda ita ce jagorar alƙalai a kan tsarin sauraron ƙara. Saboda haka ko a shekarun da Gumel take gwabzawa da Haɗeja da Damagaram, malamin da ya yi karatu a Kano ko a Kukawa zai iya zama a buzun alƙalin kowane daga cikin garuruwan nan ya yi hukunci da ƙa'ida guda.

Aikin shari'a a masarautun wancan zamani a rabe yake hawa uku. A ƙasa akwai mai unguwa da bulama da dattawa, waɗanda aikinsu sulhu ne. A tsakiya akwai alƙali, mai aure da saki da gado da bashi da ciniki. A sama akwai Sarki da majalisarsa, masu shari'ar jini, da rigimar ƙasa, da koken talaka a kan mai sarauta. Rajistar majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas ta 1913 da 1914, wadda aka rubuta da Larabci, masanin tarihi Allan Christelow kuma ya fassara wani sashe nata, ta nuna wannan rabo ƙarara: gonaki da gidaje da kisan kai da maganar bayi su ne suka cika ta. Wato tun asali laifi babba da ƙasa sun fi kusa da gadon sarauta, iyali da ciniki sun fi kusa da buzun malami.

Yadda alƙali yake sauraron ƙara

Abin da ya fi komai daɗewa bai canza ba a kotun shi ne tsarin sauraron ƙarar iyali da ta dukiya. Aikin alƙali na farko shi ne ya gane wane ne mai da'awa, wane ne wanda ake da'awa a kansa, domin a kan mai da'awa ne nauyin kawo hujja yake, wanda ya musa kuwa rantsuwa ce a kansa. Ba lallai ne wanda ya yanko sammaci ya zama mai da'awa ba. A ɗauki misalin mai bijimin Maigatari. Idan ya ce ya sayar ba a biya shi ba, wanda ake ƙara ya ce shi bai sayi komai ba, to mai bijimi ne zai kawo shaidu. Idan kuwa wanda ake ƙara ya ce ya saya amma ya biya, ya riga ya yi iƙirarin ciniki, ya kuma ɗauko wa kansa sabuwar da'awa, shi ne zai tabbatar da biyan. Shari'u da yawa a wannan gaɓa suke karyewa ko su miƙe, tun kafin a kira shaida ko ɗaya.

Shaidar da ta cika ita ce ta maza biyu adalai. A maganar dukiya ana karɓar namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. A abin da mata kaɗai suke gani, kamar haihuwa, mata biyu sun wadatar. Wanda aka yi shaida a kansa yana da damar ya soke ta, ya nuna cewa mai shaidar maƙiyinsa ne, ko ɗa ne ko uba ga abokin shari'arsa, ko yana da amfanin da zai samu. Idan babu shaida sai a juya ga rantsuwa, kuma a maganar dukiya wanda ya ƙi rantsewa ana mayar da rantsuwar ga mai da'awa, ya rantse ya karɓi haƙƙinsa. A ƙasar da mutum yake jin nauyin ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a, rantsuwa takan fito da gaskiyar da tambaya ba ta fito da ita ba.

Mataki na ƙarshe shi ne i'izari. Kafin alƙali ya yanke hukunci, dole ya tambayi wanda hukuncin zai faɗa wa ko yana da sauran hujja, a gaban shaidu, a kuma rubuta amsarsa. Kotunan ɗaukaka ƙara a Najeriya sun sha rushe hukunci ɗungurungum saboda an tsallake wannan tambaya guda. Hausawa sun ce shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba, amma wanda ya san waɗannan matakai yakan iya hango haihuwar tun da nisa.

Zuwan Turawa

Sarkin Gumel Ahmadu ya miƙa wuya ga Turawan Ingila a 1903, aka sanya masarautar cikin lardin Kano. Gwamna Lugga bai rushe kotunan alƙalai ba, domin ba shi da ma'aikata ko kuɗin da zai maye gurbinsu. Dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906 sun amince da su, bisa sharuɗɗa. Kotu ba ta zama sai da takardar izini daga Razdan. An hana yanke gaɓa da azabtarwa da duk hukuncin da Turawa suka ga ya saɓa wa abin da suka kira adalci da tausayi. Hukuncin kisa ba ya zartuwa sai Gwamna ya sa hannu. Razdan da Di'o suna da ikon duba rajista a kowane lokaci, su rage hukunci, ko su sa a sake shari'a, ko su ɗauke ta zuwa wata kotu. Daga baya aka rarraba kotunan aji huɗu, daga A zuwa D, ajin farko kaɗai ke da ikon shari'ar rai.

Duk waɗannan sharuɗɗa a kan laifi suka fi sauka. Ɓarawon da a littafi hukuncinsa yanke hannu ne sai ya koma ɗaurin kurkuku. Aure da gado kuwa Bature bai cika tsoma baki a cikinsu ba. Abin da ya canza a can shi ne tsarin aiki: da aka kafa Baitulmali, wanda aka fara a Katsina ya bazu zuwa sauran masarautu, alƙali ya zama ma'aikacin En'e mai albashi, kuɗin kotu da ushirar gado suka koma asusun hukuma, muhuti da magatakarda suka shiga rubuta kowace ƙara a rajista. An kuma ɗora wa kotunan wani aiki mai nauyi, wato fansar bayi. Dokar 1901 ta 'yanta duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar, manya kuwa a gaban alƙali suke biyan kuɗin fansa a ba su takardar 'yanci, har zuwa 1936 da aka soke bauta baki ɗaya.

A 1933 Gwamna Donald Cameron ya buɗe hanyar ɗaukaka ƙara daga kotunan gargajiya zuwa kotunan Turawa, a shekara mai bi kuma aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano da malamai daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Hanyar ɗaukaka ƙarar ce ta haifar da karo. A 1947 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum da ya kashe kwarton matarsa. A fiƙihun Malikiyya kisan ganganci ne, haƙƙin ƙisasi yana hannun magadan mamaci. A kundin laifuka na Turawa kuwa tunzurawa tana sauko da laifin daga na rai zuwa na ɗauri. Sarakuna da alƙalai suka ga an taɓa ginshiƙin ikonsu. Aka yi gyaran doka a 1948, aka kafa kwamitin bincike na Mai Shari'a Brooke, aka sake dokar kotunan a 1956 tare da kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulmi, amma tambayar ta ƙi mutuwa: da wane littafi za a hukunta mai laifi?

Ko a fagen iyali, inda Bature ya ja baya, ba a rasa hannun mai mulki ba. A Kano, a shekarun 1920, zamanin Sarki Usman, an hana mata gadon gidaje, hanin ya kai ga gonaki, sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi ya soke shi. Littafin gado bai canza ba a tsakanin shekarun nan, umarnin fada ne ya canza. Wannan ya nuna dalilin da ya sa maganar gona a cikin gado ta daɗe tana rawa tsakanin al'ada da fiƙihu a ƙauyukan Arewa.

Final Kod da rabuwa da fada

Da 'yancin kai ya matso, ƙorafi ya taso ta fuska biyu. 'Yan NEPU ta Malam Aminu Kano suna kukan cewa En'e tana amfani da kotunan alƙalai wajen ɗaure 'yan hamayya da laifuffukan da babu inda aka rubuta su, kuma doka ta hana lauya shiga kotun. Waɗanda ba Musulmi ba, da baƙin da layin dogo ya kawo tashoshi irin na Gagarawa a kan hanyar Kano zuwa Nguru, suna tsoron a hukunta su da dokar da ba tasu ba, kuma kwamitin Willink mai binciken koken ƙananan ƙabilu ya saurari irin wannan kuka a 1957 da 1958.

Gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa J. N. D. Anderson na Landan, da 'yan ƙasa uku: Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Alƙalin Bida Malam Musa. Shawararsu ta zama ciniki mai fuska biyu. A ɓangaren laifi aka rubuta kundi guda ga kowa, wanda jama'a suka sani da Final Kod, aka ɗauko shi daga na Sudan, wanda shi ma daga na Indiya na 1860 ya samo asali. Ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, jajibirin 'yancin kai. An bar wasu alamun fiƙihu a cikinsa, kamar laifin zina da shan giya ga Musulmi da bulalar haddi, amma daga ranar babu wanda za a hukunta sai da laifin da aka rubuta. A ɓangaren iyali kuwa aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, mai cikakken iko a kan aure da saki da riƙon yara da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi. Sheikh Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalanta a 1962. Aka riƙa tura alƙalai Cibiyar Koyon Mulki ta Zariya domin su koyi sabon kundin.

Mataki na biyu sojoji ne suka ɗauka. Bayan juyin mulkin 1966 da ƙirƙiro jihohi a 1967, aka soke kotunan sarakuna, aka karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e, aka mayar da su kotunan yanki ƙarƙashin Babban Jojin jiha daga ranar 1 ga Afrilu, 1968. Alƙalin Gumel ya zama ma'aikacin ɓangaren shari'a na Jihar Kano. Sarkin da kakanninsa suka yi shari'ar jini da ta ƙasa ya koma mai sulhu da nasiha, kodayake har yau rigimar gona da ta aure sukan bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi kafin su isa kotu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, ta bar wa kotunan yanki shari'ar filayen karkara masu haƙƙin gargajiya, ta keɓe wa Babbar Kotu waɗanda gwamna ya ba da takardar mallakarsu. Bayan tsarin mulkin 1979 kuma lauyoyi suka samu shiga zauren da aka daɗe ana hana su.

Shekarar 2000

An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, masarautar Gumel, wadda yanzu take da ƙananan hukumomi huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ta koma ƙarƙashin Dutse. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a watan Oktoba na 1999, Jigawa ta bi sahu a watan Agusta na 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, cikin jihohi goma sha biyu da suka yi haka. Kotunan yanki suka zama kotunan Shari'a, aka dawo da haddi da ƙisasi da diyya ga Musulmi.

Sai dai dawowar ba ta zama komawa zamanin Mai ba. Sashe na 36(12) na tsarin mulkin 1999 ya hana a hukunta mutum sai da laifin da dokar majalisa ta rubuta ta kuma faɗi hukuncinsa. Saboda haka alƙalin yau ba ya buɗe Muhtasar ya yanke wa ɓarawo hukunci kai tsaye, kundin laifuka na Shari'a wanda majalisar jiha ta zartar yake buɗewa, mai sassa da lambobi irin na Final Kod. Wato siffar da aka ɗauko a 1960 ta zauna daram, abin da ke cikinta ne aka sauya. Hukunce-hukuncen jifa da aka yanke wa mata biyu a Sakkwato da Katsina, waɗanda duniya ta yi ta magana a kansu, kotunan Shari'a na sama ne suka rushe su a 2002 da 2003, bisa hujjojin fiƙihu da na tsarin sauraron ƙara, kuma har yau ba a zartar da jifa a Najeriya ba. Abin da ya fi yawa a teburin alƙali ta fuskar laifi shi ne ƙananan sata da faɗa da zagi da cin amana, waɗanda hukuncinsu tara ne ko bulala ko ɗauri. Ga kotun majistare kuma tana nan da Final Kod, ga Babbar Kotu mai manyan laifuka irin fashi da makami. 'Yan sanda, waɗanda na tarayya ne, su ne sau da yawa suke zaɓar ƙofar da za su shigar da wanda suka kama.

Ƙara uku, hanya uku

A koma ga waɗanda aka bari a layi. Matar da mijinta ya yi ɓatan dabo ba tare da ya bar mata abinci ba, mazhabar Malikiyya ta ba ta mafita fiye da wasu mazhabobi. Za ta kawo shaidun aure da na tafiyarsa, ta rantse cewa bai bar mata komai ba bai kuma aiko ba, alƙali ya ɗiba masa wa'adi, idan ya cika bai zo ba alƙali ya sake ta. Idan cutarwa take kuka da ita, ana karɓar shaidar abin da ya bazu a bakin maƙwabta, idan abin ya rikice a naɗa masu sulhu biyu daga danginsa da nata. Idan kuwa zaman ne kawai ba ta so, sai hul'i, ta fanshi kanta, galibi da mayar da sadaki. A nan ne ake yawan tauye mata, domin macen da aka cuta ba ta da abin biya, har ma idan ta biya daga baya ta tabbatar da cutarwar, ana mayar mata da kuɗinta. Riƙon yara na uwa ne, sannan kakarsu ta wajen uwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa kuwa tana kan uba. Wanda bai gamsu ba yana da hanya miƙaƙƙiya: babbar kotun Shari'a, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Dutse, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya inda alƙalai uku masana fiƙihu za su zauna, sannan Kotun Ƙoli.

'Yan'uwa masu gona, idan rabon gado ne zalla, hanyarsu ita ce wannan. Za a fitar da kuɗin jana'iza da bashi, da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, matar mamaci ta ɗauki tumuni idan akwai 'ya'ya, sauran a raba, namiji rabon mata biyu. Amma da zarar wani daga waje ya ce gonar tasa ce saye ya yi, ko maƙwabci ya ce aro ya bayar, ƙarar ta tashi daga gado ta koma jayayyar mallaka. A nan ƙa'idar hauzi take shigowa: wanda ya shekara goma yana kallon bare yana noma gonarsa bai yi magana ba, babu uzuri, ba a sauraron da'awarsa, sai in ya tabbatar aro ne ko jingina ko haya, tsakanin dangi kuwa wa'adin ya fi haka tsawo ƙwarai. A nan kuma hanyar ɗaukaka ƙara take rabuwa. Sashe na 277 na tsarin mulki ya lissafa abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a take da hurumi a kai, kuma Kotun Ƙoli da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya sun sha yanke cewa jayayyar mallakar fili da ta ciniki ba sa cikin jerin, dokar jiha kuma ba za ta ƙara abin da tsarin mulki bai sa ba. Magada da yawa sun ɓata shekaru suna bin ƙofar da ba tasu ba, a ƙarshe a ce kotun da ta saurare su ba ta da hurumi, a koma farko. Irin wannan jayayya ta hurumi ta taɓa ɗaukaka ƙarar laifi ma, tunda shi ma ba ya cikin jerin na sashe na 277.

Hayin iyaka

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1904 da 1908 ta raba Gumel da Tumbi, ta raba dangi ɗaya gida biyu. A hayin Magarya da Dungas labarin ya bi wata hanya ya ɓulla kusan wuri ɗaya. Faransa ta soke shari'ar laifi ta gargajiya a yankunan mulkinta a 1946, ta shimfiɗa kundinta a kan kowa. Dokar tsarin kotuna ta Nijar ta 1962 ta bar aure da saki da gado da gonakin karkara ga al'adar masu shari'a, wadda a ƙasar Damagaram ta cuɗanya da fiƙihun Malikiyya, joji yana zama da mashawarta masana al'ada, sarakuna kuma suna da ikon sulhu. Gwamnatoci biyu masu harshe daban da tarihi daban, kowace ta riƙe hukuncin laifi a hannunta, ta sassauta riƙo a kan iyali.

Muhawarar manyan gari, a majalisar tsara tsarin mulki ta 1978 da a shekarar 2000, ta fi karkata ga matsayin Shari'a a ƙasa da maganar haddi. Mutumin Gagarawa ko Sule Tankarkar kuwa, idan zai shiga kotu sau ɗaya a rayuwarsa, mafi yawa aure ne ko gado ko bashi zai kai shi, kuma kuɗin mota da na lauya ba za su bar shi ya wuce kotun farko ba. Hukuncin alƙalin garinsu shi ne hukuncinsa na ƙarshe, ko da doka ta jera masa kotuna huɗu a sama. Saboda haka adalcin da zai samu ya rataya ne a kan abubuwan da ba a cika kawo su a taron siyasa ba: irin horon da alƙali ya samu a Ringim ko Kano ko Zariya, da albashin da zai tsare shi daga karɓar na goro, da yawan zuwan sufeton kotuna, da tsabtar rajistar magatakarda. Matar da ta zo daga ƙauye da goyo a baya, abin da zai raba ta da zaman jiran da ba shi da iyaka shi ne alƙali ya gane cewa cutarwa take da'awa ba hul'i ba, ya saurari shaidunta, ya ɗiba wa'adin da littafi ya ce, ya yi i'izari, a kuma rubuta duk wannan yadda kotun sama za ta iya karantawa.